Shiga kwamfutar gida ta SSH daga nesa: nazarin wani lamari da buɗe mashiga a rauta bai warware ba

Wata ɗaliba mai karatun digiri na uku tana da kwamfutar tebur a gida, mai ƙarfi sosai, da Ubuntu a kanta. A ciki duk kayan bincikenta suke: rikodin hirarrakin da ta yi da mutane, da manyan fayilolin lissafi waɗanda injin kan kwana yana sarrafawa. Tafiya ta kama ta zuwa wata jami'a inda za ta shafe watanni, kuma laftof kaɗai za ta iya ɗauka, shi kuwa ba zai iya wannan aikin ba. Buƙatarta ba ta da yawa. Tana so ta zauna a can, ta buɗe allon umarni, ta shiga kwamfutar gida ta SSH, wato hanyar ba wa kwamfuta umarni daga nesa ta rufaffen layi, ta ɗora mata aiki, in ta gama ta kwaso sakamako.

Kafin ta zo wurina ta riga ta yi nisa. Ta girka openssh-server, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, ta gwada daga laftof a cikin gida da umarnin ssh bincike@192.168.1.20, ta shiga lafiya lau. Ta karanta cewa daga waje sai an buɗe mashiga, wato ƙofa mai lamba da saƙo ke shiga ta, a rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, don haka ta shiga shafin saitin rautar ta rubuta doka: duk abin da ya zo ta mashiga 2222 a miƙa shi ga 192.168.1.20 a mashiga 22. Ta duba adireshinta na fili a ɗaya daga cikin shafukan nan da ke gaya wa mutum adireshinsa, ta kwafe shi a takarda. Da ta gwada daga wani wuri, sai allon ya tsaya cik, ya daɗe a haka, sannan ya rubuto Connection timed out. "Malam," in ji ta, "duk abin da aka ce a yi na yi. Rautar ce ba ta da kyau, ko in sayi wata?"

Rautar lafiyarta ƙalau, kuma da ta sayi sabuwa, abin da ta gani shi za ta sake gani. A nan ƙasa na sauya adireshin fili na gaskiya da waɗanda aka keɓe don ba da misali, masu farawa da 203.0.113 da 198.51.100.

Me ya sa ba a samun kwamfutar daga waje tun farko

Tushen abin ƙarancin adireshi ne. Tsarin IPv4 bit 32 gare shi, wato adireshi kusan biliyan 4.3, kuma tun farkon shekarun 1990 aka hango ba za su ishi duniya ba. A 1994 aka bayyana a rubuce dabarar NAT, wato fitar da na'urori da yawa intanet ta adireshi ɗaya, a 1996 kuma takardar RFC 1918 ta tsayar da rukunan adireshi na amfanin cikin gida kawai: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Gidaje bila adadin suna amfani da 192.168.1.20 a lokaci guda ba tare da wani ya taka wani ba, domin wannan adireshin ba ya fita intanet. Abin da duniya ke gani adireshi ɗaya ne tak, na rauta.

Rauta tana aiki ne kamar maigadin babban gida mai 'yan haya da yawa da ƙofa ɗaya a bakin titi. Duk wanda ya aika saƙo waje, maigadi ya rubuta a littafinsa cewa ɗaki kaza ya aika wa wane, ana jiran amsa. In amsar ta zo, ya duba littafi ya kai ta ɗakin. Baƙon da ya zo haka kawai, ba wanda ya aika masa, ba ya cikin littafi, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya bar shi a waje bai ce masa uffan ba. Buɗe mashiga a rauta shi ne a bar wa maigadin sallahu na dindindin, cewa duk mai ɗauke da lamba 2222 ɗaki na 20 yake nema.

Abin da za a riƙe shi ne NAT zancen da aka faro daga ciki kaɗai take tunawa. Duk abin da ya biyo baya a wannan lamari, da matsalar da maganinta da sabuwar matsalar da maganin ya haifar, daga nan suka fito.

Bin sawu

Na fara da saƙon kuskuren kansa, domin mutane suna yawan tsallake shi cikin gaggawa, alhali shi ne ke gaya maka inda tafiyar ta tsaya. In SSH ta ce Permission denied, ka iso har gaban sshd, manhajar da ke sauraron masu shiga, an yi magana da kai, mabuɗinka, wato fayil ɗin da ke shaida kai ne, ko kalmar sirrinka ce ba a karɓa ba. In ta ce Connection refused, saƙonka ya kai ga wata na'ura, ita kuma ta amsa cewa ba mai sauraro a wannan mashiga. Amma Connection timed out na nufin ba a amsa ba sam. Saƙon ya faɗa wani wuri a hanya, ko wata katangar tsaro ta jefar da shi, ko ya je inda ba a san da zuwansa ba. Wanda ya ga wannan na uku ya koma yana gyaran mabuɗi ko canza kalmar sirri, wahalar banza yake yi.

Duban farko ya fito da kuskure na gaskiya. Umarnin ip addr a kwamfutar tebur ya nuna 192.168.1.23, ba 20 ba. Rauta tana raba adireshin cikin gida ne aro, ta hanyar DHCP, kuma bayan an kashe an kunna, ta ba kwamfutar wani daban, dokar miƙawa kuwa tana nan tana nuna adireshin da ba kowa a kansa. Muka ɗaure adireshin 20 ga lambar MAC, wato lambar shaidar katin sadarwar kwamfutar, a cikin saitin rauta, yadda ba zai sake sauyawa ba. Ta yi murna, ta ɗauka an gama. Muka sake gwadawa, amsa ɗaya. Gyaran ya zama dole, amma ba shi ne ciwon ba, kuma irin wannan yana ruɗar mutane ƙwarai: an sami kuskure, an gyara, sai hankali ya ƙi yarda cewa akwai wani a bayansa.

Akwai kuma batun yadda ake gwajin. Wani lokaci tana gwada adireshin filin ne tana zaune a kan Wi-Fi ɗin gidan. Wannan gwaji ba ya tabbatar da komai, domin ba kowace rauta ce ta iya karɓar saƙo daga ciki mai neman adireshinta na waje ta juyo da shi ciki ba. Gwajin gaskiya sai daga wata hanyar daban. Ta kashe Wi-Fi a laftof, ta kunna datar wayarta ta raba masa, ni kuma na bar wannan yana gudana a kwamfutar tebur:

sudo tcpdump -ni any port 22

Amfanin tcpdump a nan shi ne tana ganin abin da ya shigo katin sadarwa tun kafin katangar tsaron kwamfutar ta yanke hukunci a kansa. Da a ce ufw, katangar tsaron Ubuntu, ce ke toshewa, da mun ga saƙon ya iso sannan ya mutu. Ta danna, muka zuba wa allon ido, ko layi ɗaya bai fito ba. Ke nan kwamfutar ba ta da laifi, sshd ba ta da laifi, saƙon ma bai iso gare ta ba.

Sai muka buɗe shafin rauta inda take nuna adireshin da kamfanin intanet ya ba ta, wanda aka fi rubuta wa WAN. An rubuta 100.72.14.9. Takardar da ta kwafe daga shafin nan kuwa 203.0.113.45 ne a jiki. Lambobi biyu da ya kamata su zama ɗaya sun sha bamban, nan bakin zaren yake.

A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet na duniya, ta raba ragowar manyan rukunan IPv4 da ke hannunta. Kamfanonin intanet da masu layi suka yi musu yawa sai suka ɗauki dabarar NAT suka girka ta a nasu ɓangaren, abin da ake kira CGNAT, inda gidaje masu yawa ke fita duniya ta adireshi ɗaya. A Afrilun 2012 takardar RFC 6598 ta ware musu rukuni na musamman don wannan, daga 100.64.0.0 zuwa 100.127.255.255. Adireshin rautar ɗalibar yana cikin wannan rukuni. Adireshin 203.0.113.45 ba nata ba ne, na na'urar kamfanin ne, ita da wasu da ba ta san su ba suke tarayya a kansa. Dokar da ta rubuta a rautarta daidai take, sai dai akwai wata NAT ɗin a gaba wadda ba ta da ikon taɓa saitinta, kuma a can saƙon ke mutuwa.

Wannan kwatancen lambobi biyu ba ya cin minti ɗaya, kuma a ganina shi ya kamata kowa ya fara yi kafin ya taɓa wani saiti. Yawancin bayanan da ake samu suna farawa ne daga yadda ake buɗe mashiga, kamar kowa yana da adireshin fili, alhali masu intanet ta layin waya da masu gidaje da yawa ba su da shi. In adireshin WAN ya fara da 192.168, galibi wata na'urar ce a cikin gidan, kamar modem ɗin kamfani da aka jona wa rauta ta biyu, wannan kuwa ana iya gyara shi da kai. In ya faɗa rukunin 100.64, zancen buɗe mashiga ya ƙare. Sunan DDNS ma, da ta yi niyyar yi, ba zai taimaka ba, don aikinsa bin adireshin fili ne in ya sauya, ba samar da shi ga wanda ba shi da shi ba.

Zaɓin hanya

Mafi sauƙi a roƙi kamfanin ya ba da adireshin fili. Wasu suna bayarwa in an ƙara kuɗi, wasu sai ga layin 'yan kasuwa. Ta kira nata, aka ce tsarin da take kai ba ya ɗauke da shi. IPv6 ita ce maganin asali, mai bit 128, inda kowace na'ura ke iya samun adireshinta na fili, sai dai a buɗe mata hanya a katangar tsaron rauta. Amma sai ɓangarorin biyu duk suna da ita, layinta kuwa babu. Akwai manhajoji irin su Tailscale, da aka gina a kan WireGuard, masu haɗa na'urorin mutum ko da duk suna bayan NAT, kuma ga mafi yawan mutane su nake ba da shawara, don ba su da wahala. A nan abin da ya hana shi ne laftof ɗin na jami'a ne, ba ta da ikon girka komai a kansa. Abin da ke kansa tuntuni shi ne ssh. Kuma ta riga tana da wata 'yar sabar haya, wato kwamfutar da ke kunne kullum a intanet, da take ajiye shafin aikinta, mai tsayayyen adireshin fili, 198.51.100.7.

Tunda NAT tana barin duk abin da aka faro daga ciki, sai kwamfutar gida ita ta fara kira. Ta buɗe SSH zuwa sabar, ta riƙe layin a buɗe, ta kuma nemi sabar ta saurara a wata mashiga ta riƙa turo duk abin da ya zo ta cikin wannan layin. Zan kira wannan juyayyen bututu. Umarninsa gajere ne:

ssh -N -R 2222:localhost:22 bututu@198.51.100.7

Harafin R na cewa a can ɓangaren za a saurara, a mashiga 2222, a kawo nan gida mashiga 22. Harafin N na cewa ba a buƙatar allon umarni, bututun kawai ake so. Ga na'urar kamfani da rautar gida, wannan fita ce ta yau da kullum, ba ta da bambanci da buɗe shafin intanet, don haka duk abin da ya dawo ta cikinsa amsa ce halattacciya.

Bisa asalin saitinta, sshd tana buɗe wannan mashiga 2222 ne ga cikin sabar kawai, duniya ba ta ganinta. Akwai saiti mai suna GatewayPorts da ke buɗe ta ga kowa, kuma ɗalibar ta tambaya ko a kunna shi don a rage matakai. Ban goyi baya ba. Yin haka zai fito da kwamfutar da ke ɗauke da muryoyin mutanen da suka ba ta amana fili, kowa ya iya ƙwanƙwasa ta, alhali ribar da za a samu ba ta taka kara ta karya ba. Tun OpenSSH 7.3 na shekarar 2016 akwai ProxyJump, wanda ke yin tsallen da kansa. Wannan muka rubuta a fayil ɗin config na laftof:

Host gida
HostName localhost
Port 2222
User bincike
ProxyJump matafiya@198.51.100.7
HostKeyAlias gida

Daga nan ssh gida kaɗai za ta rubuta. Kalmar localhost a nan sabar take nufi, ba laftof ba, don daga can ake yin kiran ƙarshe. Abin da na fi so game da wannan tsari shi ne zaman SSH na ciki tsakanin laftof da kwamfutar gida yake kai tsaye. Sabar da ke tsakiya tana wucewa da rufaffen bayani ne wanda ba ta iya karantawa, kuma mabuɗin sirrin ɗalibar bai taɓa barin laftof ba. Ya bambanta da mutum ya shiga sabar tukuna sannan daga can ya sake rubuta ssh, wanda ke sa a ajiye mabuɗi a na'urar haya. Kafin ta tafi kuma na sa ta rubuta tambarin mabuɗin kwamfutar gida, wanda ssh-keygen -lf ke nunawa, domin ranar da SSH ta tambaye ta ko ta yarda da wannan na'ura, ta sami abin kwatantawa maimakon ta danna yes da ka.

Mabuɗin da kwamfutar gida ke kiran sabar da shi yana da rauni guda da ba makawa: ba shi da kalmar sirri, tunda ba mutum a wurin da zai rubuta ta. Saboda haka muka ƙirƙiri mabuɗin ed25519 na wannan aiki kaɗai, da asusu na musamman a sabar, muka ɗaure masa hannu a sshd_config:

Match User bututu
AllowTcpForwarding remote
PermitListen localhost:2222
PermitTTY no
ForceCommand /bin/false

Wanda ya sace wannan mabuɗi ba zai sami allon umarni a sabar ba, ba zai bi ta kanta zuwa wani wuri ba, iyakarsa sauraro a mashiga 2222.

Bututun da ya mutu ba a sani ba

Da yamma komai ya yi aiki. Ta shiga daga datar waya, ta ga foldojinta, ta kwafi fayil da scp. Na ce kada ta yarda tukuna, a bar shi ya kwana. Da safe ta rubuta ssh gida, shiru kake ji. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kowane ɓangare yana nuna lafiya. A gida ssh tana nan cikin jerin ayyukan da ke gudana. A sabar, ss -tlnp ta nuna ana sauraro a 2222. Amma ba abin da ke wucewa.

Nan ma NAT ce. Layin TCP da ba a aika komai a kansa ba shiru yake yi gaba ɗaya, na'urorin NAT kuma ba sa riƙe rajistar layin da ya yi shiru har abada, suna share ta don samar wa wasu wuri. Takardar RFC 5382 ta ce kada a share kafin awa 2 da minti 4, saboda Linux da ire-irenta kan jira awa 2 kafin su aika ɗan saƙon duba lafiyar layi. Na'urori da yawa ba sa jira haka. Da aka share rajistar, ba wanda aka sanar. Sabar tana tura saƙo, yana isa na'urar kamfani a matsayin baƙon da ba a sani ba, ana jefarwa. Kwamfutar gida kuwa ba ta da abin aikawa, don haka ba ta da hanyar gane da wuri cewa an yanke ta.

Ta kashe ssh ta sake kunnawa da hannu, sai ga wani sabon saƙo: Warning: remote port forwarding failed for listen port 2222. Tsohon zaman da ya mutu yana nan a sabar riƙe da mashigar, sabon bai samu ba. Mafi muni, gargaɗi ne kawai. Sabuwar ssh ta ci gaba da zama a haɗe ba tare da bututu ba, ta yadda duk wani mai sa ido zai ga tana raye. Da wannan ya faru bayan ta yi tafiya, da sai ta nemi wanda zai shiga ɗakinta ya zauna gaban allo.

Gyaran kashi biyu ne, kuma wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya zai sake gamuwa da shi. A ɓangaren gida muka mayar da bututun aikin systemd, mai tayar da ayyuka da kula da su a Ubuntu, da waɗannan layuka:

ExecStart=/usr/bin/ssh -N -R 2222:localhost:22 -o ServerAliveInterval=30 -o ServerAliveCountMax=3 -o ExitOnForwardFailure=yes bututu@198.51.100.7
Restart=always
RestartSec=15

Kowane daƙiƙa 30 ssh za ta taɓa sabar ta cikin layin, wanda ke hana rajistar NAT tsufa, in kuma an yi sau 3 ba amsa, wato daƙiƙa 90, ta fita. In ba ta sami mashigar ba, ta fita nan take maimakon zaman banza. Duk lokacin da ta fita, systemd ta jira daƙiƙa 15 ta sake tayar da ita. Jiran yana da dalili: bisa asali systemd tana daina ƙoƙari in aiki ya tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, kuma ssh da ke faɗuwa nan take saboda babu intanet za ta cinye wannan adadi kafin ƙiftawar ido. A ɓangaren sabar muka sa ClientAliveInterval 30 da ClientAliveCountMax 3, domin ita ma ta gane mataccen zama ta saki mashigar. Mutane da yawa suna amfani da autossh don wannan aiki, yana kuma yi, amma in akwai systemd ban ga buƙatar ƙarin manhaja ba.

Sai gwaji na mugunta, da gangan. Muka zare wayar rauta, muka jira, muka mayar. Cikin 'yan mintoci bututun ya dawo da kansa. Muka sake kunna sabar, ya dawo. Muka sake kunna kwamfutar gida, nan ne wani abu ya fito, zan zo gare shi.

Sabar ita ce yanzu a bakin titi

Kwamfutar gida ta ɓuya, amma sabar tana fili da mashiga 22 a buɗe. Na nuna mata rajistar shiga da journalctl, ta ga layuka jere: Invalid user admin, Failed password for root, daga adireshi iri-iri, dare da rana. Ta tsorata, ta ɗauka ita ake nema. Ba ita ba ce, manhajoji ne masu zagaya intanet suna gwada sanannun sunaye da kalmomin sirri a kan duk abin da ya amsa. Tatu Ylönen ya rubuta SSH a 1995 a Jami'ar Fasaha ta Helsinki bayan an saci kalmomin sirri a hanyar sadarwar jami'ar, kuma ta magance satar su a hanya, amma ba ta da maganin kalmar sirri mai sauƙin canka. Muka rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, PasswordAuthentication no, a sabar da kuma kwamfutar gida.

A nan akwai tarko ƙarami da ya cancanci a faɗa. Ta rubuta layin a sshd_config, ta sake tayar da sshd, amma sabar ta ci gaba da tambayar kalmar sirri. A Ubuntu ana fara karanta fayilolin da ke cikin foldar sshd_config.d, kuma a wurin sshd saitin da aka fara gani shi ke aiki. Wani ɗan fayil da ya zo tare da sabar hayar ya riga ya ce yes. Umarnin sshd -T yana nuna ainihin abin da ke aiki, ba abin da mutum yake zato ya rubuta ba. Duk wannan gyara kuma mun yi shi ne da wani zaman a buɗe a gefe, don kada kuskure ɗaya ya kulle mu a waje. Na kuma kunna mata sabunta tsaro na kai tsaye, domin mabuɗi ba ya tare ɓarakar da ke jikin manhajar kanta. A Yulin 2024 kamfanin Qualys ya bayyana wata a sshd, aka sa mata suna regreSSHion, wadda ba ta buƙatar mai kai hari ya mallaki mabuɗi ko kalmar sirri, aka toshe ta a OpenSSH 9.8.

Barci, wuta da kullallen faifai

Abubuwa biyu na farko ba su ɗau lokaci ba. Kwamfutar tebur tana yin barci in an daɗe ba a taɓa ta ba, mai barci kuwa ba ta riƙe bututu, sai muka hana da systemctl mask a kan sleep.target da suspend.target da 'yan uwansu. A BIOS kuma, wato saitin injin na kafin Ubuntu ta tashi, muka kunna saitin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta ɗauke ta dawo.

Na uku shi ne wanda ya fito lokacin gwaji. Faifan gaba ɗaya a kulle yake da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux, don haka da ta tashi sai ta tsaya tana jiran a rubuta kalmar buɗewa, ba systemd, ba bututu, ba komai. Sananniyar dabara ita ce a saka 'yar ƙaramar sabar SSH mai suna dropbear a matakin farko na tashi, a shiga daga nesa a buɗe faifan. Amma wannan shigowa ce daga waje, mun kuwa riga mun san layin nan ba ya karɓar mai shigowa. Cire kullin baki ɗaya kuma ba ta ko saurari zancen ba, ni ma ban so ba, don hirarrakin nan ba nata ne ita kaɗai ba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne raba faifan gida biyu. Tsarin Ubuntu ya koma ɓangaren da ba a kulle ba, yana tashi da kansa ya buɗe bututu. Bayanan bincike suka zauna a wani ɓangare na daban mai kulli, wanda take buɗewa da cryptsetup bayan ta shiga. Wannan ya ci mana sake girka tsarin, kuma yana da farashinsa da na fayyace mata: mabuɗin bututu da mabuɗin shaidar kwamfutar yanzu suna kan ɓangaren da ba a kulle ba. Ɓarawon da ya ɗauke injin ba zai karanta bayanan ba, amma in ya san abin da yake yi zai iya kunna shi a wani wuri, bututun ya haɗu kamar kullum, ya jira ta shigo ta rubuta kalmar buɗewa. Saboda haka ta rubuta a takardar da ke ɗauke da tambarin mabuɗin: in aka ce mata an taɓa ɗakin ko kwamfutar ta ɓace, kada ta rubuta ssh gida. Ta fara shiga sabar, ta goge layin mabuɗin bututu daga authorized_keys, jerin mabuɗan da sabar ke yarda da su, ta yanke zaman da ke buɗe, sannan ta kira gida ta ji abin da ya faru.